Mai Son Gwada Motarsa a Filin Tsere Ya Fara da Birki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da ya fara shiga ran matasanmu, musamman waɗanda karatu ko kasuwanci ya kai su Dubai da Abu Dhabi da Ingila da Jamus da Afirka ta Kudu. A waɗannan wurare akwai filayen tseren motoci da ke ware wasu ranaku su buɗe ƙofa ga duk mai lasisin tuƙi, ya biya kuɗi, ya shiga da motar da yake zuwa aiki da ita, ya zagaya filin da irin gudun da doka ba za ta yarda ya yi a kan titi ba. Ana yin haka a Silverstone ta Ingila, inda aka yi tseren farko na gasar Formula 1 ta duniya a 1950, da Kyalami kusa da Johannesburg, da Dubai Autodrome da aka buɗe a 2004, da Yas Marina da aka buɗe a 2009. Ni ina goyon bayan wannan abu ƙwarai, domin duk wanda ya ga yadda ake wasan mota a kan titunanmu ranar ɗaurin aure, cikin 'yan kallo da yara da masu talla, ya san cewa fili mai shinge da motar asibiti da jami'ai masu lura ya fi alheri nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda masu zuwa karon farko ke kashe kuɗinsu da tunaninsu a inda bai kamata ba.

Kusan duk saurayin da ya yi mini maganar zuwa irin wannan fili, tambayarsa ta farko a kan inji take: me zai ƙara wa motar ta ƙara gudu, wace salansa zai sa, wane mai kwamfuta zai taɓa masa ita. Ina so in faɗa masu a fili cewa motar gida mai lafiya tana da ƙarfin da ya fi ƙarfin sabon direba, kuma abin da zai fara gazawa a ranar shi ne birki, daga shi sai taya, daga nan sai direban kansa. Inji yana can baya a wannan layi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudun: idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha yana ninkawa sau huɗu. Mota mai nauyin kilo 1,500 da aka rage wa gudu daga kilomita 160 zuwa 60 a sa'a tana zuba wa birkinta zafin da zai isa ya tafasa ruwa kusan lita huɗu, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi take yin haka. A kan titi direba yakan yi irin wannan taka birki jefi-jefi, sai ya yi tafiya mai nisa birkin ya huce. A filin tsere kuwa zai yi shi sau da dama a zagaye guda, kuma kafin faifan birkin ya huce ya iso wata kwanar. Wannan zafi yana ratsawa har ya kai ga man birki, kuma a nan ne hatsarin yake, domin man birki yana tsotsar danshin iska a hankali tsawon watanni, kuma gwargwadon ruwan da ya sha gwargwadon saurin tafasarsa. Ƙa'idar da ake bi ta ce sabon mai nau'in DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selsiyas ba, amma idan ya sha ruwa zai iya saukowa zuwa 140. DOT 4 yana farawa daga 230 ya sauko zuwa 155, shi kuma DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Da zarar man ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin tiyo, kuma kumfa matsuwa take yi, don haka direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa motar ba ta rage komai ba, alhali a gudun kilomita 160 tana cin mita 44 a kowace daƙiƙa.

Saboda haka aikin farko shi ne a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a kuma fitar da iska daga kowace ƙafa ta motar. Ƙara sabo a kan tsoho, kamar yadda aka saba yi a garejinmu idan an ga ya yi ƙasa, ba ya magance komai, domin man da ke kusa da taya shi ne ke shan wuta, kuma shi ne ba a taɓa ba. A kula kuma kada kamannin suna ya ruɗi mutum: DOT 5 wani mai ne dabam da ake yi da silikon, ba a haɗa shi da sauran ukun, kuma ba ya dacewa da motoci masu ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. Wannan aiki bai kai kuɗin taya guda ba, amma ban san wani gyara da ya kai shi muhimmanci a wannan rana ba.

Bayan mai sai fad, wato 'yan takalman nan da ke matse faifan birki. Wanda ya saura da ƙasa da rabin kaurinsa a canza shi, domin rana ɗaya a fili tana iya cinye abin da watanni ba su ci ba a gari, kuma siririn fad ya fi saurin miƙa zafi ga man birki. Idan an sa sabo, kada a kai shi fili washegari. A yi 'yan kwanaki ana tuƙi da shi, ana taka shi da matsakaicin ƙarfi a hanyar da babu cunkoso, har ya zauna a kan faifan. Ya kamata direba ya san bambancin alamomi biyu. Idan ƙafar birki ta yi laushi tana nutsewa, mai ne ya tafasa. Idan kuwa tana da tauri kamar kullum amma motar ta ƙi tsayawa yadda ta saba, ga kuma ƙauri yana tashi, to fad ne zafi ya fi ƙarfinsa. Kowanne ya gani, maganin ɗaya ne: ya sassauta nan take, ya ƙarasa zagayen a hankali, ya fita. Birki yakan ba da gargaɗi a kwanar hanya ɗaya ko biyu kafin ya yanke gaba ɗaya, kuma wanda ya ce bari ya ƙara zagaye guda ya ga yadda za ta kaya shi ne yake ƙarewa a jikin shinge.

Maganar taya ta fi shafar mu da muka saba da 'yan gwanjo. Zanen taya kaɗai ba ya nuna lafiyarta, domin roba tana bushewa da shekaru ko da ba a yi tafiya da ita ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko mai ƙari a gefe, ko mai tsaga, ko wadda aka yi wa faci a kusa da kafaɗarta, ba ta da wurin zama a filin tsere. Dokar Ingila da ta ƙasashen Turai ta ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, kuma tunda da tayar da aka yi wasan za a koma gida, dole ne a je da abin da ya fi haka sosai. Game da iska, a fara da adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba, a tafi da geji na kai, a auna da zarar an fito daga zangon farko, wato shigar farko da aka yi fili ana zagayawa, taya tana da zafi. Za a tarar iskar ta hau da yawa, sai a rage ta ta dawo kusa da adadin farko, domin tayar da ta cika fiye da kima tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, sai ta riƙa zamewa tana ƙara zafi. Notocin taya kuma a ɗaure su da sifana mai awo bisa adadin da ke cikin littafin motar, a yi haka ƙarfe yana da sanyi, a bar dabarar nan ta hawa kan sifana da ƙafa.

Sauran duban ba shi da wuya, kowane bakanike mai kula zai gama shi a wuni guda. Baƙin mai ya kasance sabo kuma ya kai alamar sama ta sandar awo ba tare da ya wuce ta ba, domin a doguwar kwana man yakan karkata gefe guda famfo ya ja iska. A duba ruwan lagireto da tiyoyinsa da fambel, a girgiza kowace taya a ji ko boris ko tayarod yana wasa, a tabbatar shokazoba ba ta yoyo kuma batir yana ɗaure. Motar da ke ɗigar mai ko ruwa ba a yarda ta shiga, kuma daidai ne, domin wanda ke bayanka ne zai taka abin da ka zubar. A nemo ƙugiyar jan mota da ke cikin but a ɗaura ta tun kafin a fara. A kwashe komai daga cikin motar, har da shimfiɗar ƙafa da gorar ruwa da casbahar da ke rataye a madubi, domin gorar da ta gangara ƙarƙashin ƙafar birki ta isa ta jawo asara. Fetur zai ƙare da sauri fiye da yadda aka saba, don haka kada a bar tanki ya sauka ƙasa da rubu'i. Masu zuwa filayen Ingila su san cewa ana auna ƙarar salansa kafin a shiga, iyakar kan kasance wajen desibel 105 ko ƙasa da haka, kuma wanda ya sa salansa mai ruri zai iya komawa gida bai taka filin ba.

Akwai maganar kuɗi da ya wajaba a faɗa wa matasa kafin su biya. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a filin tsere, kuma da safe za a ba kowa takarda ya sa hannu cewa ya shiga bisa ganin damarsa. A mafi yawan filaye, idan wani ya buge ka, kowa shi zai gyara tasa. Akwai inshora ta musamman ta rana ɗaya da ake saya, kuma wanda motarsa ta bashi ce ko ta mahaifinsa ce ko ita ce abin neman abincinsa, ya kamata ya saye ta ko ya haƙura. Motar haya ta gama-gari kuwa yarjejeniyarta ta hana shiga fili. Wanda ba shi da motar da zai iya jure asararta, ya fi masa ya karɓi ta filin, domin Yas Marina da Dubai Autodrome da Silverstone duk suna ba da motocinsu tare da malami a gefe.

A nan zan ja kunnen masu mafarkin Nürburgring ta Jamus, wadda bidiyonta ya cika wayoyin samari. Tsohuwar hanyarta da ake kira Nordschleife, wadda aka buɗe a 1927, tana da tsawon kusan kilomita 21, da kwanoni fiye da 70, da hawa da gangara na kimanin mita 300, kuma a wurare da yawa shingen ƙarfe yana dab da kwalta. A lokutan da ake buɗe ta ga jama'a babu darasin safe da ake yi wa direbobi a sauran filaye kafin su shiga, babu rarraba sabo da gwani, kowa ya sayi tikiti ya shiga, kuma wanda ya fasa shinge shi zai biya kuɗin gyaransa da na motar da ta ja shi. A ganina wannan ba wurin koyo ba ne. Mai farawa ya nemi gajeren fili mai faɗin gefe, wanda zai iya haddace kwanoninsa kafin azahar.

Shirin direba ya fi na mota wuya, domin ba a sayen sa a kanti. Ya kwana da wuri, ya ci abinci marar nauyi, ya riƙa shan ruwa tun kafin ya ji ƙishirwa, musamman a ƙasashen Larabawa inda zafin bazara ke haura digiri 40, ga hular kwano a ka, ga na'urar sanyaya mota a kashe. Saboda wannan ne ba na ba kowa shawarar ya sa ranarsa ta farko a cikin azumi da rana, domin ƙishirwa tana rage kaifin hankali tun kafin mutum ya lura. Tufafi su zama riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga, da takalmi rufaffe mai siririn ƙasa da zai bar ƙafa ta ji abin da take takawa. Babbar riga da silifa a bar su a masauki. Hular kwano ta kasance mai ɗauke da tambarin gwaji irin su Snell ko ECE, ta kama kai ba ta juyawa, kuma yawancin filaye suna ba da hayarta. A zama, ya matso da kujera ya miƙar da bayanta, yadda idan kafaɗunsa na jingine wuyan hannunsa zai kai saman sitiyari, kuma idan ya take birki har ƙarshe gwiwarsa ba za ta miƙe sarai ba. Hannu biyu su zauna a gefen sitiyari, dama da hagu. Zaman nan na kishingiɗa da hannu guda da samari ke yi a gari ba ya barin mutum ya juya mota da sauri idan ta zame.

Darasin safe wajibi ne, kuma a cikinsa ake bayanin tutoci, waɗanda su ne kaɗai hanyar da jami'an fili ke magana da direba. Ruwan ɗorawa na nufin akwai hatsari a gaba, a rage gudu kuma ba a wuce kowa. Ja na nufin an dakatar da zangon, kowa ya sassauta ya bi umarnin da aka bayar da safe. Shuɗiya na cewa wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Mai ratsin ja da ruwan ɗorawa na nuna akwai santsi a kwalta. Baƙa kuwa kai ake kira ka fito, ko don tuƙinka ko don an ga wani abu a motarka, sannan mai dara-daran fari da baƙi ita ce ƙarshen zango. A zagayen farko, wanda akan yi a hankali a bayan motar jagora, direba ya lura da inda kowane mai tuta yake tsaye, domin idan gudu ya yi gudu ido ba ya neman abin da bai san wurinsa ba.

Wannan rana ba gasa ba ce, babu kofi, kuma a filayen Ingila da yawa an hana ma ɗaukar lokaci. Wucewa tana da ƙa'ida: a miƙaƙƙiyar hanya kawai, ta gefen da aka ayyana, kuma sai na gaba ya ba da hanya. Idan ka ga mota a madubinka wadda ɗazu ba ta nan, ta fi ka sauri ke nan ko da taka ta fi tata tsada, sai ka kauce ka ɗaga ƙafa daga totur ta wuce. Na san wannan yana yi wa saurayi nauyi, musamman idan abokai suna kallo da wayoyi a hannu, amma girman kai a wannan wuri yana jefa rayukan wasu cikin hatsari, kuma jami'ai ba sa jinkirin korar mai yin sa.

Tuƙin kansa yana da 'yan ƙa'idoji da suka isa mai farawa. A gama taka birki motar tana miƙe kafin a juya sitiyari, a shiga kwana daga gefen waje, a taɓo cikinta a tsakiya, a bar motar ta buɗe zuwa waje yayin fita, ana ƙara totur a hankali gwargwadon yadda ake warware sitiyari. Shiga kwana da sauƙi a fita da ƙarfi ya fi shiga da ƙarfi a fita ta baya. Ido ya kasance can gaba inda ake son zuwa, domin hannu yana bin ido, kuma wanda ya ƙura wa shinge ido shingen zai nufa. Ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana yana mayar da nauyi gaba, bayan motar ya yi sako-sako ya juya. Idan tayoyi biyu suka sauka kan ciyawa, kada a fizgo sitiyari, a miƙe a rage gudu sannan a dawo bayan an duba madubi. Na'urar da ke hana mota zamewa a bar ta a kunne, duk da abin da masu bidiyo ke faɗa. Kuma idan filin yana da malami, a biya shi ya zauna a gefe ko da na minti 20 ne tun da safe, kafin mutum ya saba da kuskure. Sannu ba ta hana zuwa, kuma abin da malami zai gyara a zango guda ya fi abin da duk wani ƙarin ƙarfin inji zai bayar.

Zango kada ya wuce minti 15 zuwa 20, kuma zagayen ƙarshe a yi shi a hankali ba tare da taka birki sosai ba, domin iska ta sanyaya faifai. Idan an tsaya kada a ja birkin hannu, domin fad zai iya mannewa a jikin faifai mai zafi ya bar masa tabon da zai sa sitiyari rawa daga baya. A sa giya ko a tokare taya, a buɗe murfin inji, a bar motar ta huta gwargwadon lokacin da ta yi tana gudu. Da la'asar gajiya takan shigo daidai lokacin da mutum ya fara jin ya iya, don haka wanda ya ga ya fara kuskuren kwanar da ya saba yi daidai, ko hankalinsa ya fara tafiya wani wuri, ya tattara kayansa ko da saura sa'a guda a cikin kuɗin da ya biya.

Kafin a kama hanyar gida a jira tayoyi su huce a mayar masu da iskar da aka rage, a leƙa kaurin fad da gefen tayoyin gaba, a auna baƙin mai, a taka birki a ji tauri kafin a fita ƙofa. Direba kuma ya riƙa duban agogon gudu a kilomitocin farko, domin bayan wuni guda a fili gudun 100 yakan zame masa kamar 60, alhali ya dawo cikin masu babura da masu tsallaka titi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Kaduna